Ƙasa a Tanderun Burodi

Shekara goma sha huɗu Dokta ta yi tana koyarwa a sashen nazarin ƙasar noma, ba ta taɓa ganin mai duba inganci ya nemi littafin ɗakin gwaji ba. Abin da aka saba, baƙi su zo daga hukumar da ke sa ido kan jami'o'i, a share musu farfajiya, a shafa wa bango fenti, a jera musu kundayen binciken ɗalibai a kan tebur kamar kayan talla. Su buɗe biyu ko uku, su gyaɗa kai, su sha lemo, su sa hannu. To bana sai aka turo wata guntuwar dattijuwa mai takalmin roba, wadda ba ta shan lemo, kuma tun safiyar Litinin ta ce a kawo mata littafin da ake rubuta lafiyar na'urori. Kafin azahar sakatarori sun raɗa mata suna Jan Biro.

Ranar Talata shugaban sashe ya aika a kira Dokta. Farfesa mutum ne mai son zance a zaune, da shayi da raha, amma a tsaye ta same shi yana safa da marwa tsakanin taga da kabad. Ya tura mata kundi guda a buɗe, da littafin ɗakin gwaji a gefensa. Ya ce matar nan ta haɗa biyu da biyu. Kundin ya ce an busar da ƙasar gwaji a tanderun sashe, a watan biyu da watan uku. Littafin kuwa ya ce tanderun ya lalace tun farkon watan biyu, ba a gyara shi ba sai a watan biyar. Ke nan, a ganin baƙuwar, ɗalibin bai yi gwajin ba sam, zama ya yi ya ƙirƙiri lambobi. Za a zaunar da kwamitin ladabtarwa ranar Alhamis da ƙarfe goma.

Dokta ta juya bangon kundin ta duba suna. Ɗalibinta ne, Mai Lema.

Mutumin ba yaro ba ne. Malamin gona ne a ƙasarsu, can nesa bayan teku, inda ya ce ruwan sama ba ya sallama kafin ya zo, shi ya sa ko rana na tsaga ƙasa lemarsa na hannunsa, har sunan ya bi shi. Ya baro mata da 'ya'ya uku ya zo yin digiri na biyu, yana karatu da harshen da shi ne na uku a bakinsa. Takardar zamansa saura kwana goma ta ƙare, ya riga ya ɗaure akwatuna. In kwamiti ya kama shi da ƙirƙirar sakamako, korarsa za a yi, ya koma gida hannu rabbana, da wasiƙar abin kunya tana biye da shi zuwa ma'aikatar da ta turo shi.

Ta karanta wurin da aka ja wa jan layi a shafi na ashirin da uku. Ba ta ma buƙaci ta kai ƙarshe ba, don ta san kowace kalma. "An busar da ƙasar a tanderun sashe, a zafin digiri ɗari da biyar, na tsawon awa ashirin da huɗu." Ita ta rubuta wannan da hannunta shekara tara da suka wuce, ta adana a kwamfutarta.

Ga yadda abin yake. Ɗaliban gida, in sun kawo mata babi a hargitse, sai ta cika shi da jan biro ta mayar musu, ko sau biyar ne, har su gaji su koyi rubutu. Baƙin ɗalibai kuwa tausayinsu take ji. Ka ga mutum ya san aikinsa a gona da ɗakin gwaji, amma in ya zo rubutawa jimla ta riƙa tafiya tana tuntuɓe, ga kwanakin takardar zama suna ƙarewa. Sai ta share musu babin hanyar gwaji, ta manna nata mai tsabta, tunda ai kowa hanya ɗaya yake bi wajen busar da ƙasa. Taimako take kiran abin, kuma har cikin ranta taimakon take nufi. Baƙin ɗalibai goma sha ɗaya sun gama a hannunta da waɗannan layuka, Mai Lema ne na goma sha biyu.

Farfesa ya dube ta ya ga yadda launinta ya sauya, shi ma ba yaro ba ne. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga hannu.

"Dokta, kada ki gaya mini abin da zan rasa yadda zan yi da shi," ya ce. "Matar nan sabunta mana izinin karɓar baƙin ɗalibai ta zo yi. In laifin ɗalibi ɗaya ne, ɗalibi ɗaya ne. In na malama ne, sai an kwance duk kundin da ya bi ta hannunki. Ki je ki yi tunani."

Ya ƙara da cewa zai roƙi kwamiti a sassauta, wataƙila a ce mutumin ya maimaita shekara maimakon kora. Dokta ta san wannan zance ne kawai. Ma'aikatar da ta turo shi shekara biyu ta ba shi, ba uku ba.

Ta fito ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shiga ofis, ta zauna, ta tashi, ta buɗe taga, ta rufe. Ta ɗauki takardun jarrabawa za ta duba, ta karanta amsa ɗaya sau uku ba ta gane komai ba. Abin da ya fi cin ta shi ne tambayar da ba ta da amsarta: in tanderu ya lalace wata uku, to ina mutumin ya samo lambobinsa? Ita ce mai kula da aikinsa, kuma ba ta sani ba. Tana iya yiwuwa ma da gaske ƙirƙirar ya yi. Ta kama kanta tana fatan hakan, sai kunya ta rufe ta ita kaɗai a ɗaki.

Ta sauka ƙasa wajen mai kula da ɗakin gwaji, tsohon da kowa ke kira Baba Makulli saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunsa. Ta same shi yana wanke kwalabe. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi lafiyar ƙafarsa, ta tambayi jikoki, sannan ta ce ko ya san yadda Mai Lema ya yi da ƙasar gwajinsa lokacin da tanderu ya mutu.

Tsohon ya ajiye kwalba ya dube ta da mamaki. Ya ce ai ya ɗauka ta sani, gidan burodi mana. Mutumin ya jira gyara mako biyu, ya ga ba alamar mai gyara, sai ya je gidan burodin da ke bayan ɗakunan kwanan ɗalibai ya roƙi mai wurin. Kullum da hantsi, in an kwashe burodin safe zafi ya fara sauka, sai ya jera gwangwanayensa na ƙasa a cikin tanderun. Ya ari ma'aunin zafi da ƙaramin sikeli a nan ɗakin, yana zaune a kan buhun fulawa yana duba zafin duk rabin awa yana rubutawa, yana auna ƙasar kullum har nauyinta ya daina raguwa. Mako shida yana wannan aiki. Baba ya yi dariya ya ce har yanzu gwangwanayen in ka buɗe su ƙamshin burodi suke yi.

Ta ce to me ya hana shi gaya wa baƙuwar?

"Littafi ta tambaye ni, na ba ta littafi," ya ce. "A ginin nan, Dokta, mai makulli ba a tambayarsa komai sai makulli."

Ta hau bene da sassarfa, ta tono kwamfutarta har ta gano babin yadda Mai Lema ya fara turo mata shi. Ga shi nan, shafi huɗu cur. Layi uku na farko a cuɗe suke, ta tuna ranar, ta tuna tsakin da ta yi, da kundaye takwas da ke jiranta a kan tebur. A nan ta tsaya da karatu ta share duka. Yanzu ta ci gaba daga layi na huɗu. "Tanderu ya mutu. Na jira, bai tashi ba. Na je wurin mai burodi." Daga nan bayani dalla-dalla, da jadawalin zafi na kowace rabin awa, da inda ya gwada gwangwani biyar a tanderun wani sashe don ya tabbatar sakamakon ya yi daidai da na gidan burodi. Har da inda ya amsa cewa rana biyu zafin ya zarce, ya zubar da ƙasar ya sake. Ta karanta har ƙarshe.

Da yamma a gida ba ta iya cin abinci ba. Mahaifiyarta, wadda ke zaune tare da su tun rasuwar mahaifinta, tana gefe tana tsintar wake a faranti, tana kallonta ta wutsiyar ido. Dokta ta gyara labulen da ba abin da ya same shi, ta sake jera kofuna, ta karɓe wuƙa daga hannun 'yarta ta ce ba haka ake yanka albasa ba. Inna ta ce ta zauna haka nan ta fara sa ta jiri. Ta zauna ta zayyana mata komai, tana yi tana kare kanta: ai don tausayi ne, ai ba ta karɓi ko sisin kowa ba, ai lokaci ne babu.

Inna ba ta san tanderun gwaji ba, ba ta san kundi ba, amma ta san 'yarta. Ta ce tun tana ƙarama haka take, Sarkin Gyara, ba ta iya ganin ƙanenta na ɗaura igiyar takalmi a karkace ba ta fizge ta ɗaura masa ba. Shi ya sa har ya shiga aji uku bai iya ɗaurawa ba, malami ya zane shi a gaban yara.

"Shi aka daka, ke kina gida," Inna ta ce, ta ci gaba da tsintar wakenta. "Wannan karon ma haka za a yi?"

Dokta ta ce Inna ba ta gane ba, akwai mutum goma sha ɗaya da za a tono kundayensu, akwai izinin sashe, akwai ƙarin girman da take jira shekara uku. Inna ta ce e, ba ta gane ba, ita dai ba ta yi boko ba. Ta ɗauki farantin wakenta ta tashi.

Ranar Laraba ta nemi Mai Lema. Ba ya ɗakin karatu, ba ya ɗakin kwana, sai a kan benci ta same shi a bayan ɗakin gwaji, lema a kan cinya, takardar kiran kwamiti a ninke a aljihun riga. Ya miƙe tsaye da ya gan ta, kamar kullum, ya ƙi zama sai da ta zauna. Ta yi niyyar ta fara a hankali, ta ji abin da ya shirya faɗa gobe. A ranta akwai ɗan guntun fata cewa bai lura da sauyin ba, ya sa hannu ne bai karanta ba, don a raba laifin biyu. Ta tambaye shi ko ya duba shafi na ashirin da uku kafin a ɗinke kundin.

Ya ce ya duba. Yana magana a hankali, yana zaɓen kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu. Ya ce ranar da ta dawo masa da babin ya karanta sau da yawa, ya ga ba abin da ya yi ba ne. Ya zo ƙofar ofishinta sau biyu, ya tsaya, ya koma.

"Me ya hana ka ƙwanƙwasawa?"

"Malama, a wurinmu ɗalibi ba ya gyara malami. Na ce wataƙila gidan burodi abin kunya ne ga sashe, shi ya sa kika cire. Na ce kin fi ni sani."

Ta ce to gobe me zai gaya musu? Ya ce zai ce ya yi gwajin, zai nuna littafinsa na hannu, ko da yake da rubutun ƙasarsu ne, ba mai iya karantawa. In sun tambayi dalilin da kundi ya faɗi wani abu daban, zai ce kuskurensa ne. Ta ce ya san za su kore shi a kan haka? Ya juya lemar a hannunsa, ya ce ya sani. Ya ce lokacin da ya zo bai san kowa ba, ita ce ta nema masa ɗaki, ita ta kai shi asibiti da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ba zai tsaya gaban manya ya nuna ta da yatsa ba.

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta tashi ta bar shi a kan bencin. Ta zagaya ginin sau biyu, ta je bakin mota ta buɗe ta rufe, ta dawo ofis ta buga tsohon babin a takarda, kwafi shida. Ta sa su a jaka, ta fitar ta sa a aljihun tebur, ta kulle, ta sake buɗewa ta mayar jaka. Har aka tashi daga aiki ba ta san wanne za ta yi ba.

Ɗakin taron yana da dogon tebur da fanka mai ƙara a kowane juyi. Mutum biyar ne a kwamiti, Farfesa a tsakiya, Jan Biro a can ƙarshe da littafin ɗakin gwaji a gabanta. An ajiye wa Mai Lema kujera shi kaɗai a ɗaya ɓangaren. Dokta tana jikin bango a matsayin mai kula da aikinsa, jaka a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Farfesa bai dube ta ba ko sau ɗaya.

Aka karanta tuhuma. Mai Lema ya faɗi zancen gidan burodi, wani daga cikin kwamitin ya yi dariya ya rufe baki. Ya miƙa littafinsa na hannu, aka juya shi sama da ƙasa aka ajiye. Jan Biro ba ta yi dariya ba. Ta ce ta ji, amma ita abin da ke rubuce take dubawa, kuma abin da ke rubuce ya ce tanderun sashe. Ta lura kuma harshen wannan shafi ya fi na sauran kundin santsi. Wa ya rubuta shi?

Ya ce sunansa ne a bangon kundin.

Ta ce ba abin da ta tambaya ba ke nan. Ta sake tambaya, ya sake ba ta amsa ɗaya, idonsa a kan tebur. Farfesa ya gyara murya ya ce yana ganin ɗalibi ya amsa laifinsa, sai a wuce zuwa hukunci. Sakatare ya ɗaga biro.

Dokta ba ta san lokacin da ta miƙe ba, jakar ta zame ta faɗi, ta sunkuya ta ɗauka.

"Ni na rubuta," ta ce. Ta sake faɗa da ƙarfi. "Ni na rubuta. Na share nasa ban karanta ba, na sa nawa. Ga abin da ya kawo mini."

Ta bi su ɗaya-ɗaya tana ajiye takardun. Tunda ta riga ta fara, sai ta ƙarasa, ta ce layukan nan suna cikin wasu kundaye goma sha ɗaya, za ta kawo jerin sunayen. Farfesa ya cire tabarau ya dafe goshi. Mai Lema ya ɗago ya dube ta kamar ita aka yi wa rashin adalci.

Jan Biro ta shiga karanta shafi huɗun da ɗan yatsa a kan layi. Ta daɗe a kan jadawalin zafi. Ta aika a kira Baba Makulli, ya zo da makullansa na kaɗawa da gwangwani guda a hannu, ya faɗi abin da ya sani. Ta buɗe gwangwanin ta shinshina, ta rufe. Sannan ta dubi Dokta.

"Kundi talatin na duba a makon nan," ta ce. "Waɗannan shafuka huɗu ne kaɗai suka nuna mini ɗalibi ya gamu da matsala ya yi tunani da kansa. Su kika share."

Hukuncin bai yi wa kowa daɗi ba. An soke tuhumar ƙirƙira, amma an rubuta wa Mai Lema gargaɗi don ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka ya yi ba. An ba shi kwana biyar ya sake rubuta babin da kansa, ya kare shi da baki a gaban kwamiti. Za a zaro kundaye goma sha ɗayan a duba, izinin sashe ya tsaya sai an gama. Dokta kuwa za a dakatar da ita daga kula da ɗalibai, wasiƙa na tafe, zancen ƙarin girma ba wanda ya ma ɗauko shi. Sai dai kafin wasiƙar ta iso ita ce mai kula da shi, don haka Jan Biro ta ce Dokta ce za ta karanta sabon babin ta sa hannu, kuma ta karanta har ƙarshe. A bakin ƙofa Farfesa ya wuce ta kamar bai taɓa ganinta ba.

Ranar Litinin da hantsi Mai Lema ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishinta, ya jingina lemarsa a bango, ya ajiye mata shafi biyar. Ta ce ya zauna. Ta fara karantawa, tun a layi na biyu ta ci karo da jimla mai tafiya a karkace, hannunta ya kai kan jan biro da kansa. Ta dube shi a tsakanin yatsunta, ta jawo aljihun tebur ta jefa shi ciki ta rufe. Ta karanta shafi na ɗaya, da na biyu, da buhun fulawa, da ranar da zafi ya zarce, har layin ƙarshe inda ya gode wa mai burodi.

Yana ta kallon fuskarta. Da ta ajiye takardun ya ce, a ɗarare, ya san harshen ba shi da kyau, ko akwai inda za ta gyara?

"Haka ka yi aikin?" ta ce.

"Haka na yi, Malama."

Ta ari bironsa ta sa hannu a ƙasa.